Takalman Bakin Ƙofa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, 'yar ƙanwata Zainab ta shigo mini zaure a nan Shahuci da ƙawayenta biyu, kowacce da waya a hannu. Sun gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, sun yi bautar ƙasa, yanzu kuma sun gano wata makaranta a ƙasar waje da ke ba da digiri na biyu ta intanet. Ba shiga aji, ba hawa Adaidaita, ba ganin fuskar malami sai a waya. Takardar shaida suke so in rubuta musu.

"Kawu, ai aikin naku hira ce kawai," in ji Zainab. "Mutum ya zauna ya faɗi damuwarsa, ka ba shi shawara, ya tashi. To wannan ko a kan gado nake ai sai in koya."

Na yi dariya, na ce su dawo Asabar mai zuwa. Ban ce zan rubuta ba, ban kuma ce ba zan rubuta ba. Abin da nake so in gaya musu shi nake rubutawa a nan, don na san halina, in na fara da baki sai in yi ta kewaye-kewaye har su koma kallon waya. Sunayen marasa lafiyar da zan ambata duk na canza su.

Shekara talatin da huɗu na yi a wannan aiki, rabin mako a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa, rabi a aji ina koyar da 'yan digiri na biyu. Ni ba likitan allura ba ne, ban taɓa rubuta wa kowa ko ƙwayar magani ɗaya ba. Kayan aikina ma in kun gan su sai ku raina. Kujera biyu masu tsayi ɗaya, ba a ajiye su gaba da gaba kamar a caji ofis, ɗan karkata su ake yi, don mutum ya sami inda zai kai idonsa in ya gaji da naka. Agogon bango a bayan mara lafiya yake, saboda in ka kuskura ka dubi na hannunka, Bakano zai miƙe ya ce, "To Malam, kada in cinye maka lokaci," ya tafi da abin da ya kawo shi. Akwai tabarma, don wasu tsofaffin ba za su taɓa hawa kujera su yi daidai da malami ba, sai dai kai ka sauko. Akwai ruwan sha da hankici. Akwai littafi, amma ba na buɗe shi sai mutum ya fita, don mutanenmu in suka ga biro na tafiya sai su ɗauka ƙara ake shigarwa. Sai kuma fom mai tambaya ashirin da aka fassaro daga Turanci. Ana tambayar mutum ko yana jin baƙin ciki, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, a ba kowace amsa maki, a tara. Fom ɗin ba laifi. Matsalarsa ɗaya ce: an yi shi ne don mutanen da in ka tambaye su yaya suke, sai su gaya maka.

Mu kuwa nan, wanda ke mutuwa ma in ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Kuma ba a zuwa wurinmu da fari. Sai an sha rubutu, an yi hayaƙi, an je kemis, an je wurin mai maganin gargajiya, an dawo, sannan wani ya ce a gwada su Malam wane. Ba mai shigowa ya ce maka yana cikin damuwa. Cewa zai yi kansa na ɗaukar zafi, ko wani abu na yi masa yawo a ƙirji, ko barci ya ƙaurace masa. Na taɓa samun wani Alhaji mai sayar da turare a Kurmi, wata biyu yana zuwa yana ce mini tururuwa ke tafiya a ƙarƙashin fatar kansa. Fuskarsa kullum a sake, har barkwanci yake mini. Amma duk sanda maganar yayansa ta gifta, wanda suke rumfa ɗaya, sai babban yatsan ƙafarsa ya lanƙwashe ya kama takalmi. Daga yatsan nan muka fara aiki, tururuwa kuwa suka watse da kansu.

Wanda ya koya mini kallon ƙafa shi ne Dakta Inuwa, Allah ya jiƙansa. Mutumin Jakara ne, ya yi karatu a Turai ya dawo, amma in ka gan shi da 'yar shararsa da goro a kumatu sai ka ce dillali ne. Lokacin da aka tura ni wurinsa ina ɗauke da digiri, ina jin kaina, na haddace sunayen masana fiye da na kakannina. Ya nuna mini wani benci a kusurwar ɗakin ya ce in zauna. Wata shida na yi a bencin nan bai bar ni na ce wa mara lafiya ko sannu ba. In mutum ya fita sai ya juyo.

"Me ka gani?"

Sai in fara zuba: ya ce kaza, ya ce kaza.

"Ban ce me ka ji ba, Sani. Kunne ai kowa na da shi. Me ka gani?"

Haushinsa nake ji sosai a lokacin, har na taɓa rubuta takardar neman a canza mini wuri, na yaga ta a hanya.

Wata Alhamis ya ɗauke ni, da wata nas da muke kira Sista Laraba, muka shiga wani lungu a Jakara, gidan wani baduku. Matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, tun daga nan ta daina magana sai dole, ba ta ko son ɗaukar jaririn. Mijin ya kai mu ƙofar ɗakinta, aka shimfiɗa mana tabarma a waje, ita tana ciki bayan labule. Dakta ya yi mata tambayoyi, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa. Lafiya lau. Tana cin abinci. Ba abin da ke damunta. Ko minti goma ba mu yi ba ya yi addu'a muka tashi. Na ce a raina wannan tafiya ta banza ce. Sai da muka fito bakin titi ya tsaya ya tofar da goro.

"Takalman mutum nawa ne a bakin ƙofar?"

Na ce ban duba ba.

"Na mutum biyu ne. Silifas ɗinta, da wani faɗe na tsohuwa da dunduniyarsa ta cinye. Duk amsar da ka ji, ba mu ta bai wa ba. Mai faɗen nan ta bai wa."

Da muka koma mako na biyu, kafin Dakta ya zauna ya yi sallama ya ce a gaishe masa da Inna. Tsohuwar ta leƙo, uwar mijin ce. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar shi ne surukin, ya ce, "Inna, an ce duk lungun nan ba wanda ya kai ki dama fura, ni kuwa tun safe ban sa komai a cikina ba." Tsohuwa ta washe baki, ta zura faɗenta, ta nufi madafi. Sista Laraba ta shige bayan labule. Kafin furar nan ta iso, matar ta faɗi abin da ta yi wata biyu tana haɗiyewa, tana kuka, mu muna ji daga waje. Dakta ya shanye furar tas, ko da yake na san nono ba ya zama masa a ciki. A hanya ya ce mini ba a korar babba daga ɗaki a garin nan, girmama shi ake yi har ya fita da ƙafarsa.

A wannan yawon na Alhamis na koyi rabin abin da na sani. A nan na koyi cewa in dattijuwa ta ƙirga maka 'ya'yanta, musamman a gidajen da asalinsu Fulani ne, ka ƙara ɗaya a zuciyarka ka nemi inda yake. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a sa shi a lissafi, ba a nuna an damu da shi a gaban surukai. Na kaka ne, ko da a cinyar uwar ya girma. Kowa a birni ya san wannan. Amma sanin abu daban, tuna shi a daidai lokacin da mace ke zaune a gabanka tana ƙirga yatsu daban.

Da na zama malami ni ma, yadda aka yi mini haka na yi. A aji sai in ajiye kujera biyu a gaba, ɗalibi ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ya zama ni, sauran su yi ta dariya, ni kuwa ina zagayawa ina gyara wa wannan zama, ina cire wa wancan biro daga hannu. Ranar Alhamis in kwashi uku ko huɗu mu shiga lunguna. Maganar takalma kuwa ban taɓa faɗin ta a aji ba, ban taɓa rubuta ta a takardar lakca ba. Sai in bar ɗalibi ya tsallake su, mu gama, mu fito titi, sannan in tambaye shi. Ina jin daɗin ganin yadda fuskarsa ke faɗuwa, kamar yadda tawa ta faɗi a Jakara. Cewa nake abin da ka koya da kunya ba ka mantawa. Gaskiya ne, amma har da son burgewa a ciki, yau na yarda.

Sai shekarar korona ta zo, aka rufe gari, aka rufe makarantu. Bayan 'yan watanni aka ce a mayar da karatu intanet. Kada ku ɗauka na yi gardama. Ni na fi kowa murna. Gwiwoyina sun fara ciwo, hawa benen sashenmu ya zame mini azaba, ga cunkoson ababen hawa kullum safiya. Yanzu kuwa ina zaune a zauren nan, babbar riga a sama, tsohon wando a ƙasa, shayina a gefe, ina karantar da mutum goma sha ɗaya. Na ce ashe da wahalar banza muke sha.

Kuma ba zan yi wa karatun intanet ƙarya ba, ya buɗe wa wasu ƙofar da mu muka rufe musu. A ajin nan akwai Nafisa. 'Yar ma'aikacin gwamnati ce, ta tashi a garuruwa daban-daban, aure ya kawo ta Jakara. 'Ya'yanta uku, mijinta ɗan kasuwa. Sau biyu tana samun gurbin karatun nan tana ajiyewa, don ba yadda za ta bar gida daga safe zuwa yamma. Da aka koma waya sai ta zama ita ce gaba. Lakcar da na yi sau ɗaya sai ta saurare ta sau uku tana wanke-wanke. Ta karanta littattafan da ni kaina sunansu kawai na sani. A lissafin bincike har ta taɓa kama ni da kuskure, ta turo mini saƙo cikin ladabi. A shekaruna na koyarwa ban taɓa samun ɗaliba mai kaifinta ba. Duk abin da ke cikin littafi, waya na iya koyar da shi, wani lokacin ma fiye da aji.

Abin da ya rage shi ne aikin gwaji. Ba a bai wa ɗalibi wannan digiri sai ya zauna da marasa lafiya na gaske, malami na kallo, ya sa hannu cewa ya iya. Muka yi taro, mu malamai, shi ma a waya. Wata matashiyar malama ta ce a jira a buɗe gari, ko da za a yi asarar shekara. Ni na katse ta. Na ce ɗalibai su riƙa kiran marasa lafiya ta bidiyo, su naɗa, su turo mana mu duba. Na ce, "Ana ganin fuska, ana jin murya, me ya rage?" Da yake ni ne babba, kuma ni ne aka sani da tsanani, sai aka bi shawarata. Da wani ne ya kawo shawarar, wataƙila da ni zan fara ƙin ta.

Mara lafiya ta huɗu da aka bai wa Nafisa ita ce Dije. Shekararta arba'in da 'yan kai, a Dukawuya take aure, gidan Fulanin da suka daɗe da zama a birni, mijinta Malam Bello dillalin shanu ne. Tana da hawan jini, nas ɗin da ke duba ta ce ta turo ta, ta rubuta cewa matar ba ta barci, tana ramewa, kuma an yi rasuwa a gidansu wata uku da suka wuce. Iyakar abin da takardar ta ce ke nan. Nafisa ta kira ta sau uku a wayar mijin. Ana jingina wayar a jikin kwano a kan kujera 'yar tsugunno, sai ka ga fuskar Dije cikin hijabi ruwan toka, da bangon ɗaki a bayanta.

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"An ce an yi muku rasuwa. Allah ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu?"

"Yaron Goggo ne. Hatsarin mota. Allah ya karɓi abinsa."

"Goggo ita ce surukarki?"

"E."

"Allah sarki. Ke 'ya'yanki nawa, Inna?"

Ta ƙirga huɗu, da sunayensu, duk suna raye. Nafisa ta bi tambayoyin fom ɗaya bayan ɗaya, da tattausar murya, ba ta yi gaggawa ba, ba ta katse ta ba. Kina jin baƙin ciki? A'a, sai godiyar Allah. Kina kuka? A'a. Kina jin rayuwa ta ishe ki? Subhanallahi, a'a. Maki ya fito ƙasa. Nafisa ta rubuta rahoto mai kyau, shafi huɗu: rashin barci ne mai sauƙi, wanda ya rasu ƙanin miji ne, ba alamar damuwa mai tsanani. A ba ta shawarar rage shayi, a sallame ta.

Ranar wata Juma'a da hantsi na duba bidiyon, a nan inda nake zaune yanzu. Guda goma sha ɗaya ke jirana, ina so in gama kafin masallaci. Ke Zainab, ke kika koya mini yadda ake ƙara wa bidiyo gudu, ba laifinki ba ne, ni na tambaye ki. Na ƙara masa gudu, na ajiye wayar a kan cinya, ina ɓarar gyaɗa. Na ji muryoyi suna tafiya lafiya, na ga fuska ba hawaye. Akwai wani ɗan ƙas-ƙas da ke tashi a ƙarƙashin maganar, na ce matsalar sabis ce. Na karanta rahoton, Turancinsa ya burge ni. Na sa hannu, na rubuta a ƙasa: aiki mai kyau.

Wata huɗu bayan nan, an buɗe gari, nas ɗin ta kira ni. An kawo Dije asibiti, ɓarin jikinta ya shanye. Na je. A baranda na sami Malam Bello a tsugune, doguwar sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ya ce sun sami ƙwayoyin hawan jininta a cikin wata langa a ƙarƙashin gado, na wata da watanni, ba ta sha ba. Tana karɓa ta ce za ta sha, ta ajiye. Abinci ma haka, sai ta juya cokali ta miƙa wa yara.

"Mu ba mu gane ba, Malam," in ji shi. "An ce mana an duba ta, lafiyarta ƙalau. Sai ranar Talata. Muna tsakar gida, Goggo na zaune a kan tabarmarta, kawai sai Dije ta miƙe tsaye ta ƙwala kira, Habu! Habu! Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. A gaban Goggo fa. Nan na san ba lafiya. Kafin in kai gare ta ta faɗi."

Na ce, "Wane ne Habu?" Wallahi na san amsar kafin in rufe baki.

Ya dube ni da mamaki. "Ɗanta na fari mana. Wanda ya rasu."

Kwana tara ta yi, ba ta sake magana ba, ta cika. Na san ajali ne, ba sai an tuna mini ba, an kuwa tuna mini sau da yawa. Amma ajali ba ya goge sa hannuna daga takardar nan.

Ranar uku muka je ta'aziyya, ni da Nafisa. Na zauna da maza a zaure, daga baya aka ce in shiga in gaida Goggo, da yake ni ma na manyanta. A bakin ƙofar ɗakin idona ya sauka ƙasa da kansa, yadda ya saba. Takalma sun fi goma. Na tsaya ina kallonsu kamar wawa har sai da aka ce in shigo. Ɗakin da ke cikin bidiyon ne, na gane bangon. Goggo na zaune a gefen hagu, 'yar tsohuwa siririya, carbi mai manyan 'ya'ya a hannunta. Ta ga Nafisa ta gane ta.

"Ke ce 'yar nan mai kiran waya? Allah ya yi miki albarka. Ai duk kiran da kike yi ina nan zaune, nan gefenta. Na ce ba zan bar ta ita kaɗai da baƙuwa ba, ga ta ba lafiya." Ta share ido da bakin mayafi. "Dije yarinya ce mai kunya. Yaron nan ya rasu, wallahi ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani a idonta. Ba ta taɓa kunyata mu ba, sai ranar da ciwo ya fi ƙarfinta."

Yabonta take yi, har zuciyarta. Ba muguwa ba ce. Ta zauna ne don ƙauna, kuma da wani ya ce mata ta dama masa fura da ta tashi da murna.

Da na dawo gida na nemo bidiyon, na kunna shi a gudunsa na asali, na ajiye komai na zuba masa ido. Ƙas-ƙas ɗin nan ba sabis ba ne. Carbi ne, ana jan sa ɗaya bayan ɗaya, daga farkon kira har ƙarshe, hannuwan Dije kuwa ba sa motsi a cikin hijabi. Kafin kowace amsa idonta na zuwa hagu ya dawo. Da aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta yi shiru. Na ƙirga shirun nan, na kai goma sha ɗaya kafin ta buɗe baki, kuma leɓenta ya motsa sau ɗaya ba sauti kafin ta fara ƙirgar daga na biyu a 'ya'yanta. Da na ƙara gudu, shirun ya zama kamar jan numfashi. Duk abin da Dakta Inuwa ya yi wata shida yana dasa mini a benci yana cikin bidiyon nan, a fili. Nafisa ba ta da yadda za ta gan shi. Ni ina da shi, kuma don haka aka ajiye ni a wurin.

Bayan mako biyu Nafisa ta zo nan gidan, ta zauna a inda Zainab ta zauna ranar Asabar. Na gaya mata komai, har labarin baduku da furar. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"Malam, a wace lakca ka faɗi maganar takalman?" ta ce. "Na koma na saurari duka, tun daga ta farko, sau biyu. Na ce ko ranar yara sun dame ni ne ban ji ba."

Na ce, "Ban faɗa ba."

"A cikin takardun da ka turo fa?"

"Ba ta ciki."

Sannan ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi, "To Malam, da yaya zan sani?"

Ita ta zo ta ɗaya a ajin. Ta karɓi satifiket ɗinta, ta sa a akwati, ba ta sake zama da mara lafiya ba. Na roƙe ta ta bi ni yawon Alhamis ko na wata shida ne, ta ce, "Malam, in na ga fuskar mace yanzu, hagunta nake kallo, ba na jin abin da take faɗa." Tana koyarwa a wata firamare a unguwarsu. Duk sallah tana aiko mini da gaisuwa da cincin. Ina baƙin cikin Dije, ina kuma baƙin cikin matan birnin nan da za su zauna a bayan labule shekara talatin masu zuwa ba su sami Nafisa ba. Shekara ɗaya bayan nan na ajiye aiki, aka yi mini walima, aka yi ta yabon tsananina.

To, Zainab, ke da ƙawayenki. Zan rubuta muku takardar. Ku yi karatunku a waya, ku saurari lakca sau uku, ku fi ni sanin littafi, ba wuya za ku fi ni. Amma kada wani, ko ni, ko Bature, ya sa muku hannu cewa kun iya zama da mutum alhali bai taɓa shiga ɗaki ɗaya da ku da mara lafiya ba. Ranar Alhamis ku ajiye wayar ku zo. Gwiwoyin sun ƙara lalacewa, da sanda nake tafiya, amma har yanzu akwai gidaje a Jakara da Dukawuya da ake shimfiɗa mini tabarma. Kuma wannan karon ba zan bar ku ku tsallake ku wuce don in sami abin tambaya a bakin titi ba. A ƙofar farko zan tsayar da ku in ce ku dubi ƙasa.

In kuma dole ta sa wata rana sai ta waya za ku ga mara lafiya, to ga abin da ban gaya wa Nafisa ba, na rubuta muku shi da hannuna. Kafin tambayar farko ta fom, kafin ma ya jiki, ku ce, "Inna, wa ke tare da ke a ɗakin, in gaishe shi?" Dije ta amsa tambaya ashirin, sau uku, ba a yi mata wannan ba. Ba ta cikin fom, ba ta cikin lakca. A kaina take, ni kuwa ina zaure ina ɓarar gyaɗa.